Jan Fenti a Farcen Liman

Duk mai yi wa ƙananan sojoji fenti yana da inda yake goge buroshinsa kafin ya kai shi jikin soja. Wani a tsumma, wani a takarda, na ga mai gogewa a leɓe ma, Allah ya kiyaye. Ni bahago ne, buroshi a hagu, soja a dama, don haka a farcen babban yatsana na dama nake gogewa. Farcen yana kusa, ba sai na ɗaga kai ba. In fentin ya yi ruwa a nan zan gani, in ya yi kauri a nan zan gani. Shekara huɗu ina haka ban ɗauki abin a bakin komai ba, sai shekarar da mahaifina ya zo gidana a Woodbridge, garin da nake zaune a ƙasar waje.

Na san akwai mai cewa me ya haɗa magidanci mai furfura da wasan 'yartsana. An sha faɗa min, har a gidan suna. Sojojin nan ba su kai rabin ɗan yatsa ba. Na roba ne, ruwan toka suke zuwa, ba ido ba baki. Kai za ka yi musu fata, ka yi musu riga da takalmi, har igiyar bindiga. In sun kammala sai a jera su a kan faffaɗan tebur da aka yi wa gidaje da bishiyoyi da kogi, a sake buga wani yaƙi da aka gama tun ba a haife mu ba, da tef ɗin awo irin na tela da ƙwayar ludo. Kuma ba yara ke yi ba. A ƙungiyarmu ni ne kusan auta.

Wani dattijon Bature da muke aiki tare a sashen kwamfuta na wani asibiti shi ya ja ni. Ya ga kullum ina karanta tarihin yaƙi a lokacin cin abinci, ran wata Asabar ya kai ni bayan wani shago inda suke haɗuwa. Da zan tafi ya miƙo min kwali guda: sojojin laima na Ingila, na yaƙin duniya na biyu, irin waɗanda ake zubowa daga jirgin sama a bayan abokan gaba. Daga baya na gane ba karamci kaɗai ba ne. Ba wanda yake son yi musu fenti, saboda rigarsu mai dabbare-dabbare ce, launi uku, ga kuma jar hular nan tasu mai duhu kamar zoɓo, wadda ta fi komai wuyar dacewa. Ni kuwa a nan na samu abin da nake nema. Mutum ne ni mai saurin hasala, kuma duk wanda ya san cunkoson motoci a babban titinmu mai lamba 95 da yamma ya san halin da mutum yake isa gida a ciki. Amma in na sauka ɗakin ƙasa, wanda a gidanmu ake kira besmen, na kunna fitila, na maƙala gilashin ƙara girma, sai in ji zuciyata ta kwanta. Matata ta raɗa min suna Janar. Takan ce, “Mutanen da suka ci ƙasarku da yaƙi, kai kuma kana nan kana gyara musu hula.” In ce mata waɗannan ba su je ƙasarmu ba, Holan aka jefa su. Ta ce ita dai Bature Bature ne.

Abin da ban taɓa gaya wa 'yan ƙungiyar ba shi ne, ni ɗan mai fenti ne. Shekara arba'in mahaifina ya yi a bayan tashar Funtuwa yana yi wa bodin katako na manyan motoci fenti, motocin auduga da na shanu. Shi ke zana furanni da gaggafa, shi ke rubuta addu'a a goshin mota. Da fentin mai yake aiki, wanda in ya kama fata ruwa ko gezau ba ya sa shi. Saboda haka tun kafin ladan ya yi gyaran murya yake ajiye buroshi. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya da gwangwanin kananzir da tsumma, ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya bi gefen farce da tsinke, ya wanke da sabulu da yashi, sannan ya yi alwala. Hannunsa duk ya tsattsage, in sanyi ya zo har jini yake yi. Abokan aikinsa suna yi masa tsiya, shi kuma amsarsa ɗaya ce: in ruwa bai taɓa wuri ba, ko da wurin bai fi ƙwayar gero ba, an bar lam'a, kuma wanda ya bar lam'a ba shi da alwala, wanda ba shi da alwala kuwa dungure kawai yake yi.

Na tashi ina jin warin kananzir in san lokacin sallah ya yi. Da na shiga makarantar kwana sai na fara jin kunyar warin. Na ce wa abokaina babana ɗan kwangila ne. Shi ma a nasa ɓangaren bai taɓa bari na riƙe buroshi ba, ko da wasa. Boko ya tura ni, ya ce hannu ɗaya ya isa ya lalace a gidan.

Wannan maganar ma ba ni ya gaya wa ba, ƙanwarsa ya gaya wa ina tsaye a wurin. Ni ne ɗansa na fari, shi kuma mutumin da ne, kunyar ɗan fari yake yi min irin ta ainihi. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana son in ji abu, sai ya dubi wanda yake kusa ya ce a gaya wa mutumin nan kaza. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a gidan ya san ni ne ɗan gaban goshi. Amma ban taɓa jin yabo daga bakinsa kai tsaye ba, ban kuma taɓa jin faɗa ba. Duka biyun aiko min da su ake yi.

Idonsa na dama ya daɗe da mutuwa. Da na hagu ya fara bi, sai muka ɗauko shi, lokacin zafi, sa'ad da rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen takwas da rabi. Aka yi masa aiki, aka rufe idon da wani ɗan murfin roba. Likita ya ce kada ya sunkuya, kada ya yi sujada har sai an ba shi izini, kuma a riƙa ɗiga masa magani sau huɗu a rana. Ga shi dama bayansa ya gama aiki tun a kan tsani: in ya zauna a miƙe na minti goma sai ka ga gumi a goshinsa. Matata ma'aikaciyar jinya ce, da asuba take fita ta dawo wajen uku. Sai ni na ɗauki hutun sati uku a wurin aiki. A takarda na rubuta jinyar mahaifi.

To a daidai lokacin ƙungiyarmu ta tsayar da babban wasa ran Asabar ɗin ƙarshen wata, yaƙin wata gada a Holan, kuma ni aka ɗora wa kawo sababbin sojojin laima talatin da biyu. Ko ɗaya ban taɓa ba. Ran da aka amince min da hutun, wallahi abin da ya fara zuwa raina ba idon Baba ba ne. Na rufe ƙofar besmen, na ja wa matata kunne kada ta kuskura ta gaya masa abin da ke ƙasa.

Tun da ya zo shi yake ja mana sallah, ba ma sai an yi magana ba. Ran da muka dawo daga asibiti, da Azahar ta yi, muka zaunar da shi a kujera a falo ta kalli alƙibla. Sai ya juya wajen matata.

“Ɗiyata, mai zaune ba ya jan na tsaye. A gaya wa maigidan nan ya shiga gaba.”

Shekarata hamsin da ɗaya a lokacin, na sha yin limanci a wurin aiki da gidajen abokai, amma ban taɓa jan Baba ba sai ranar. Da na sallame ya miƙo hannu, yadda ya saba yi wa duk wanda ke gefensa a masallaci. Na durƙusa na ba shi nawa. Ban iya tuna rabon da tafin hannunsa ya taɓa nawa ba. Yana nan da kaushinsa, shekara goma sha biyar bayan ya ajiye sana'a.

Muka samu tsari. Da safe in ɗiga masa magani, in ba shi koko, in kwantar da shi, in sauka. In lokacin sallah ya yi wayarsa tana kiran sallah, shi kuma sai ya buga sandarsa a ƙasa sau uku, in ji a saman kaina. In hau, in kankare hannu, in yi alwala, in taimaka masa da tasa, mu yi sallah. Kwanakin farko haka aka yi, ba wani abin kunya.

Biyar-biyar nake yin sojojin, in gama rukuni ɗaya tun daga takalmi har hula kafin in ɗauki wani. Ke nan kullum sai na haɗa jan hular sabo: ja, da ɗigon shuɗi, da ɗigon ruwan ƙasa. Kuma fentinmu in ya bushe yakan ƙara duhu, abin da ka gani a jiƙe ba shi za ka samu ba. Rukunin farko hularsu ta fito kamar tumatir, na biyu kamar hanta, duk na sake su. Ran Asabar, saura sati guda wasan, Allah ya ba ni sa'a. Launin ya fito daidai, ya bushe a farcena, na ɗora soja kusa da shi ina murmushi ni kaɗai. Ina cikin haka sanda ta bugu sau uku.

Na hau da gudu na shiga banɗaki. Ina wanke hannu na ga ruwa yana bi ta kan farcen yana gangarewa, bai tsaya ba. Fentin ya rufe farcen duka, har ya ɗan hau fata. Na sa ɗayan farcen zan kankare, sai na tsaya. In na kankare, da me zan auna haɗin gobe? Nan take na zama babban malami, fatawa ta riƙa zuwa min ta ko'ina: ai kaɗan ne, ai farce ne, ai Allah mai gafara ne, ai daga wannan sallar zan juye launin a takarda in wanke. Ba jahilci ba ne. Na yi karatun zaure kamar kowa, kuma ko ban yi ba, ni ɗan mai gwangwanin kananzir ne. Na san hukuncin sarai: liman in ya manta ba shi da alwala, tasa sallar ce kaɗai ta ɓaci. In kuwa yana sane ya ja, ya ɓata ta duk wanda ya bi shi. Ni ban manta ba. Na kalli farcen, na rufe famfo, na fito na tayar da iƙama.

Da muka sallame ya miƙo hannu na ba shi. Babban yatsansa ya bi ta kan farcena, ya ɗan tsaya, ya dawo baya sau ɗaya. Bai ce komai ba. Na ce a raina rawar hannu ce ta tsufa.

“Baba, a kwanta?”

“A bar ni a nan tukuna,” ya ce wa iska.

Daɗi ma na ji, don kai shi gado da gyara masa matashi yakan ci min minti goma. Na koma ƙasa.

Na gwada juye launin a takarda, ban yi ƙarya ba. Amma takarda tana shanye fenti, launin ya canza. Farce kuwa santsi gare shi irin na robar sojan. Sai na bar shi zuwa La'asar. Daga La'asar zuwa Magariba. Washegari da zan yi wanka, na samu filasta na naɗe yatsan don kada ruwa ya ɓata min ma'auni. Wannan filastar ita ce abin da har yau in na tuna nake runtse ido. Laifin da aka yi cikin gaggawa daban, wanda aka je aka nemo wa filasta daban.

Haka muka tafi. Kowace sallah in ja, ya bi, mu sallame, ya miƙo hannu, yatsansa ya shafi farcen, ya ce a bar shi a nan tukuna. In matata tana gida ita take kai shi gado daga baya. In ba ta nan, sai na ji sanda sau ɗaya in hau in kwantar da shi, sau da yawa in tarar rigarsa ta jiƙe a baya. Ya rage cin abinci. Ran Talata da muka je a duba idon, ni da bakina na ce wa likita ina ganin maganin nan yana gajiyar da shi, ko za a canza. Likitan ya yaba min, ya ce ba kowane ɗa ne yake lura haka ba.

Ran Alhamis matata ta dawo daga aiki, ta bi mu La'asar. Ina sallamewa na ba da hannu na sauka. Na gama ashirin da biyar, saura bakwai, kuma na fara ganin ƙarshen aikin. Ko minti uku ban yi ba na ji takunta a matakala. Ba ta cika saukowa ba, ta ce warin wurin yana hawa mata kai.

“Janar, ajiye buroshin nan.”

“Ina jin ki.”

“Baba yana sallah.”

“To ai kullum yana yi. Nafilarsa ce.”

“Bayan La'asar?”

Hannuna ya tsaya. Ba a nafila bayan La'asar sai rana ta faɗi, wannan kowa ya sani, balle Baba.

Ta ce, “Jiya na gani, na ce ko mantuwa ce. Sai na tsaya na ƙirga. Iƙama ya tayar, ya yi raka'a huɗu cif. Na tambaye shi, ya ce wai akwai ɗan gyara ne. Yanzu ma ga shi can ya tayar. Ba nafila yake ba, sakewa yake. Gyaran me?”

Maimakon in amsa sai na hau ta da faɗa, don shi na fi iyawa. Na ce ita ba ta da aiki sai sa ido, tsoho ma ba za a bar shi ya yi ibadarsa ba sai an ƙirga masa. Idonta yana kan hannuna, wanda ban san lokacin da na tura shi ƙarƙashin tebur ba. Ta janyo shi ta kai ƙarƙashin fitila. Kwana shida ina ƙara fenti a kan fenti, farcen ya yi ɓawo.

“Da wannan kake ja mana sallah?”

Na yi ƙoƙarin janye hannun, ta riƙe.

“Tun yaushe?”

“Asabar.”

“Kana sane?”

Na kau da kai. Ta saki hannun.

“Inna lillahi. Har da nawa ke nan.”

Na hau na tsaya a bakin ƙofar falo. Yana raka'a ta uku. Hannunsa na hagu ya damƙe gefen kujera don ya riƙe bayansa a miƙe, kafaɗarsa tana rawa. In ya zo ruku'u sai ya ɗan karkata kai iya abin da likita ya yarda, ya ɗago. Gumi yana bi ta gefen murfin robar nan yana sauka a gemunsa. Ina tsaye na ƙirga, daga Azahar ɗin Asabar zuwa wannan La'asar: ashirin da bakwai. Sau ashirin da bakwai ya bi ni da kyakkyawan zato, yana cewa ƙila wannan karon an wanke. Sau ashirin da bakwai ya ba ni hannu ya tarar ba a wanke ba, ya jira na sauka, ya fara daga farko shi kaɗai.

A wurin na gane dalilin shirunsa, kuma shi ya fi yi min ciwo. Ba zai iya kallona ya ce min ba ni da alwala ba, don bai taɓa yi min magana irin wannan ba tun da aka haife ni. Ba zai ƙi bin sallata ba, don hakan tozarta ni ne a cikin gidana. Hanya ɗaya ya sani ta yi min faɗa, wato aike, kuma a duk ƙasar nan ɗan aike ɗaya gare shi, matata. Wannan kuwa ba saƙon da ake bai wa matar mutum ba ne. Sai ya biya da bayansa.

Ya sallame, ya shafa addu'a. Matata tana bayana.

“Ɗiyata, kina nan?”

“Ina nan, Baba.”

“Maigidan nan ma yana nan.”

Ba tambaya ya yi ba. Na zo na durƙusa a gabansa. Na ce, “Baba,” sai ya ɗaga hannu, na haɗiye sauran. Ya gane an gane, kuma na ga abin bai yi masa daɗi ba.

“Ɗiyata, ana samun kananzir a garin nan?”

“Babu a gida, Baba, sai dai a fita nema.”

“To kawo ruwan ɗumi a kwano, da tsumma. Mu fara jiƙa shi kafin a samo.”

Ta kawo, ta ɗora masa a cinya a kan tawul. Ya buɗe tafin hannunsa, na sa nawa a ciki. Ya tsoma yatsan a ruwa ya riƙe.

“Tun ran da na shigo gidan nan nake jin warin fenti daga ƙasa,” ya ce mata. “Na ce ko gyaran gida ake.”

Ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, “Sojoji yake yi wa fenti, Baba. 'Yan ƙanana ne, na wasa. Na Turawa.”

Na shirya jin maganar mutum-mutumi, ko maganar boko da aka kashe wa kuɗi ya ƙare a buroshi. Bai yi ko ɗaya ba. Sai ya juya wajenta.

“Layinsa yana miƙewa?”

“Yana miƙewa, Baba. Har ƙwayar ido yake yi musu.”

“Uhm.”

Ya fito da yatsan, ya naɗe tsumman a nasa yatsan yadda na sha ganin yana yi a kan taya, ya gyara zama irin na wanda ya san aikin zai ɗau lokaci. Ya goga sau biyu. Ya sa farcensa a gefe ya ɗan ɗaga. Fentin kwana shida ya taso gaba ɗaya kamar ɓawon albasa, farcena ya fito fes. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

Ya riƙe ɓawon a tsakanin yatsu biyu, ya murza, ya kai hanci.

“Ashe na ruwa ne,” ya ce. “Ɗiyata, a bar neman. Wannan ko kananzir ba ya so.”

Ba da gatse ya faɗa ba, da ma gatsen ne da na fi samun sauƙi. Mamaki ne a muryarsa, na mai sana'a da ya ci karo da kaya mai sauƙin aiki. Ni kuwa hannunsa nake kallo a kan nawa, da tsagar nan da ba ta taɓa rufewa ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban tsammanin zan ƙara ji. Na ce ya yafe min. Ya ce wa matata a gaya wa mutumin nan ba shi aka yi wa laifi ba, kuma a kwantar da shi, bayansa ya gaji.

Na rama ashirin da bakwai ɗina. Matata ta rama nata goma sha uku, ta kwana biyu ba ta kira ni Janar ba, ba ta kira ni komai ba ma. Zan so in ce ban je wasan ba, amma na je. Ran Juma'a na ƙarasa bakwai ɗin da suka rage, ina goge buroshi a fasasshen faranti, hularsu ta fito da ɗan haske fiye da ta sauran. Dattijon Baturen ya ɗauki ɗaya daga cikin ashirin da biyar ɗin farko ya kai kusa da fitila, ya ce a shekarunsa bai ga wanda ya dace da jan nan haka ba, in ba shi haɗin. Na ce masa haɗin ya ɓace. Aka ci mu a gadar, yadda aka ci masu ita a tarihi, na kwashe kayana na dawo kafin La'asar. Har yanzu ina fenti, farantin yana nan a kan tebur.

Baba ya ƙara sati biyar a wurinmu. Idon ya buɗe, har yana karanta agogon bango, likita ya ce ya iya sujada. Amma bayan bai bari ya tsaya ba, don haka ni na ci gaba da jan sallah har ya tafi. Bai ƙara sake ko ɗaya ba. Muna sallamewa yake yarda a kai shi gado, cin abincinsa ya dawo, maganar kuma ba ta sake tasowa ba, ko ta aike.

Daga inda yake zaune yana iya ganin farcena sarai, don da gangan nake ɗora hannun a gwiwa ta wajensa. Duk da haka, kowace sallah in na ba shi hannu, sai babban yatsansa ya bi ta kan farcen sau ɗaya kafin ya saki. Ran da zai koma muka yi Azahar, akwatunansa suna bakin ƙofa, ni kuma sati biyu rabona da taɓa fenti. Na durƙusa na ba shi hannu ina fata. Ya shafa.